Ɗayar da Muka Ba Frau Siekmann

Ƙarfe bakwai saura kwata Waltraud Siekmann, wadda muke kira Frau Siekmann, wato Malama Siekmann, take isowa filin baje kolin kayan noma na garinmu, tun ba a buɗe ƙofa ba. Kafin ta zauna a teburin amsa tambayoyin baƙi, sai ta zagaya zauruka huɗun nan da ƙafa, ta buɗe akwatunan katako da ke bakin ƙofofi, ta kwashe katunan da mutane suka rubuta ra'ayinsu jiya, ta karanta su kaf tana kurɓar kofi. Shekara talatin da ɗaya tana haka. Ni kuwa shekarata ashirin da shida ina kasa injinan tatsar madara a zaure na uku, don haka ba labari aka ba ni ba.

Bencinan da kuke hutawa a kai, ita ce silarsu. Wani tsohon manomi ne ya rubuta cewa gwiwarsa ta hana shi kaiwa zaure na huɗu, ta riƙe katin nan shekara uku tana damun hukumar filin, su kuma suna cewa wanda ya zauna ba ya kallon kaya. Ita ta sa aka janye mai gasa tsiran alade daga bakin rumfar shanu, ita ta sa aka daina haɗa lacca da gasar bijimai a lokaci guda. Ni kaina ban tsira ba. Ta taɓa tsayawa a gaban rumfata ta ce, "Herr Tammen, kati huɗu sun ce kana ɓuya a bayan tebur kana cin burodi. Fito gaba mana, ka bar mutane su taɓa injin, ai ba ƙwai ba ne." Na ji haushi, na kuma fito, ban sake komawa bayan teburin ba.

Bara aka kawo sabon manaja, Herr Oberheide, wato Malam Oberheide. Ya ce zamanin kati ya wuce, kowa ya danna taurari a wayarsa, daga ɗaya zuwa biyar, biyar ce ta yabo. A gabana ta tare shi.

"Herr Oberheide, a wurin manomanmu, tun suna makaranta, ɗaya ce makin da ya fi kowanne, biyar kuwa faɗuwa ce. Duk wanda suke so, ɗaya za su danna masa."

"Frau Siekmann, yanzu kowa ya san taurari. Ko 'yata mai shekara bakwai ta sani."

"'Yarka ba ta sayen tarakta."

Ya yi dariya ya wuce. Da sakamako ya fito, teburinta ne na ƙarshe a duk filin. Bayan gidan zaure na biyu, wanda sai ka toshe hanci kafin ka shiga, shi ya zo na farko. Aka bar bayan gidan yadda yake, aka rufe teburinta, aka ce ta yi ritaya saura mata shekara biyu. Yanzu wani allo ne a wurin, kana tambayarsa hanyar rumfar tumaki yana nuna maka talla.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ma ɗaya na ba ta, ni da na ji gargaɗin da kunnena, don sabo ya rinjaye ni. Na danna da farin ciki, har na sa matata ta danna. Mu goma sha bakwai masu rumfuna muka rubuta wa hukumar takarda muka bayyana kuskuren. Amsar layi biyu ce: sun gode da ra'ayinmu, za su duba. Yarda da maganarmu yarda ce cewa manaja bai saurari wadda ta gargaɗe shi ba, kuma ba wanda ya shirya faɗin haka.

Bikin sallamarta minti goma sha biyar aka yi, da kek ɗin tuffa da furanni. Herr Oberheide ya yi jawabi ya lissafa bencinan cikin nasarorin hukuma. Da muka fito na soma ba ta haƙuri, ta katse ni. "Bar wannan, Herr Tammen. Wa zai riƙa buɗe akwatunan?" Na kasa gaya mata cewa tun shekaranjiya na ga an loda su a motar shara.

Ke ce kunnen filin nan, Frau Siekmann. Ke ce kika san rubutun mai ciwon gwiwa da na mai neman rigima, kika kuma amsa wa kowanne. Mun gode, ko da godiyar ta makara kuma ba za ta mayar miki da teburinki ba. Ku kuma masu shirya taruka, idan za ku tambayi mutane ra'ayinsu, ku ajiye mutum irinta wanda ya san yadda suke amsawa, idan ya yi magana ku tsaya ku ji.

Sun ce bana ma za su turo mana taurarin. Na riga na san yadda ake dannawa yanzu, amma ba sunanki a ciki.