Ranar da Na Dirje Babur da Toka

Wata huɗu ke nan da aurena sa'ad da na yi wa babur ɗin maigidana wankan tukunya. Ni 'yar ƙauye ce daga gindin duwatsun Kagoro, aka kawo ni barikin ma'aikatan jirgin ƙasa a Kafanchan, ɗaki ɗaya da 'yar baranda. Ban iya komai na birni ba, amma goge tukunya kam, ko uwata ta san na fi ta. In na sa toka da yashin rafi na dirje tukwanena na alminiyam, na kife su a rana, matan bariki har tsayawa suke yi su kalla. Da wannan nake taƙama, kuma shi ya ja mini.

Maigidana tsohon soja ne. Bayan an gama yaƙin basasa ya samu aiki a jirgi, yana zuba kwal a wutar inji. Ba ya yawan magana, dariya kuwa sai a yi mako ban ji tasa ba. In ya shigo bariki yara watsewa suke yi. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma da idona na ga ranar da wani mashayi ya jingina da babur ɗin a bakin kasuwa. Ya ɗaga mutumin ta wuyan riga ya ajiye shi cikin kwata. Tun daga ranar, ko tari ya yi sai gabana ya faɗi.

Kowace Asabar yakan fito da tsohuwar singileti da wani ɗan gwangwanin farin man goge ƙarfe daga akwatinsa na soja. Ya tsuguna ya yi ta shafa salansar babur ɗin da madigadi da wayoyin taya, a hankali, har ya ga fuskarsa a ciki. Ba ya neman taimakon kowa.

Wannan makon ya dawo cikin ruwan sama, babur ya sha jan taɓo, washegari da asuba kuma aka tura shi tafiyar kwana uku. Ran Lahadi akwai bikin godiyar girbi a coci, ya ce zai goya ni. Sai wata zuciyar ta ce mini, ke da kika iya hannunki, a ga mijinki a kan wannan ƙazanta? Na kwaso toka, na tankaɗe yashi, na ɗauko sosona.

Murfin inji na fara, wanda yake alminiyam ne kamar tukwanena. Ya yi fari fes. Kaina ya kumbura. Na koma kan salansa na dage iya ƙarfina, har ina waƙar coci. Akwai wani ɗan ɗigon tsatsa kusa da bakinta, na ce yau sai ka fita. Ya fita kuwa, tare da ƙyallin da ke kewaye da shi. Da na watsa ruwa, rana ta busar, sai na ga salansar ta yi dishi-dishi, duk zane ne tun daga kai har gindi, ga wani jan tabo kamar faɗin tafin hannun jariri. Na sake wankewa. Na tofa yawu na goga da bakin zanena. Sai na zauna a ƙasa cikin ruwan toka.

A haka maƙwabciyarmu ta same ni, dattijuwa ce, duk bariki Mama muke ce mata. Ta ɗora hannu a ka.

"Yesu na! Wa ya aike ki? Wannan mashin, ko kaza bai isa ya wuce kusa da shi ba. Zai mayar da ke gidan baban ki, in ma ya bar ki da haƙora."

Abin da nake tsoro ke nan, ita kuma ta faɗe shi a fili. Na hango kaina ina shiga ƙauyenmu da ƙunshi a ka, wata huɗu kacal, ana leƙowa ta kan danga.

Washegari na tafi kasuwa wurin wani tsohon makaniken babura, Bahaushe, na durƙusa na gaya masa. Ya saurare ni har ƙarshe.

"'Yata, tukunya ciki da waje duk abu ɗaya ce, kina kankarewa tana ƙara haske. Wannan kuwa shafe aka yi wa baƙin ƙarfe, bai kai kaurin ɓawon albasa ba. In ya tafi, ya tafi."

"Baba, ba wata dabara?"

"Man gyaɗa zai rufe zanen na yini guda. Amma in mijinki mai ido ne, gara ki faɗa masa da bakinki."

Ban faɗa da bakina ba, man gyaɗa na shafa. Kwana biyu ina jiran dawowarsa. Kafanchan kuwa gari ne da jirgi ba ya daina kuka, kowane ya yi sai in ce nasa ne.

Ya iso ran Asabar da la'asar, fuskarsa baƙi ƙirin da kwal. Na ce, "Sannu da zuwa, maigida." Bai shiga ɗaki ba. Ya tsaya a kan babur ɗin, ya tsuguna, ya ja yatsa a jikin salansa, ya shinshina. Ya ja kuma, zanen ya fito.

"Da me?" Abin da ya tambaya ke nan.

"Toka da yashi. So na yi ka tarar da shi da tsabta, saboda gobe."

Ya daɗe a tsugune. Ina jin Mama ta ja ƙofarta ta rufe. Sannan ya miƙe ya juyo, ya ɗaga hannu. Ban san sa'ad da na zube ƙasa ba, na rufe kaina da hannu biyu, na ƙwalla ihu ina kiran uwata.

Ba abin da ya sauko a kaina. Da na buɗe ido sai na ga hularsa ce ya cire, tana hannunsa. Yana kallona, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Ke ma?" in ji shi, a hankali.

Ya juya ya durƙusa, ya fara share man gyaɗan da hular. Na so in ce masa a'a, ni ba na tsoronsa. Na buɗe baki na kasa, don ya riga ya gani da idonsa.