Fankar Inna Kulu

Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya kuna yawan tambayata wace rana ce ta ƙi fita raina. Kuna zaton zan ce ranar da wuta ta fizge ni daga kan tsani. Ko kusa. Ranar da aka kawo koke a kan aikin da na fi alfahari da shi ce.

Lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni kuwa ina ƙaramin mai gyaran wuta a sashen kula da gidajen ma'aikata. Ga yadda tsarin yake: mai gida ya rubuto koke, foman ya sa hannu a katin aiki, ka kai sito a ba ka sabon kaya, tsohon da ka cire kuma ka dawo da shi a kulle a ɗakin matattun kaya. Fomanmu Mista Bulus ne, mutumin ƙasar Filato, wanda ya tsani a yi aiki sau biyu.

Ana tsakiyar bazara aka tura ni Argungu, fankar falon wani malamin gona, Malam Garba, ta ƙone. Tsohuwar yayi ce, mai nauyi kamar turmi, irin masu gurnani in suna juyawa. A sito na zaɓo masa wadda ta fi kowace: ga iska, ga shiru, ko ka kasa kunne ba ka jin motsinta. Na ɗaura, na dawo ina hura hanci. Na dai ga wata tsohuwa a kan tabarma a gefen falon, na gaishe ta, ban ƙara bi ta kanta ba.

Kwana tara sai Mista Bulus ya miƙo mini takarda. "Sani, wai a je a cire fankarka."

Na isa Argungu raina a ɓace, na tarar fanka tana juyawa lafiya lau. Kafin in buɗe baki Malam Garba ya ja ni gindin darbejiya. Ashe tsohuwar mahaifiyarsa ce, Inna Kulu, kuma ba ta gani. Da mijinta ya rasu ya ɗauko ta daga Gulma. A falon take wuni, kuma da gurnanin tsohuwar fankar ta haddace ɗakin. In ta sa shi a bayanta, ƙofar tsakar gida na gabanta. In ta sa shi a kafaɗar hagu, ta fuskanci alƙibla. In an ɗauke wuta sai ta zauna ta jira a kawo. Tun da na ɗaura tawa mai shiru ta rasa gabas da yamma. Ta yi karo da tebur ta fasa ƙauri. Abin da ya fi yi mata ciwo, wata rana surukarta ta shigo ta same ta tana sallar la'asar tana kallon kudu.

"Tun ran nan ba ta tashi sai an kama ta," in ji shi. "Tac ce in maishe ta Gulma ran Juma'a, inda ƙahwahunta sunka san hanya. Can kau babu kowa, ɗakin ma damina ta ci rabinai."

Wallahi kunya ta kama ni. Na zaɓi fanka don ɗaki, ban tambayi mai zaman ɗakin ba.

Tsohuwar fankar ta ƙone ƙurmus, ba ta gyaruwa. Amma na san akwai 'yan'uwanta a ɗakin matattun kaya, kuma doka ta ce abin da ya shiga can ba ya fitowa. Na kwashe labarin na gaya wa Mista Bulus, ina jiran faɗa. Sai ya ce, "Tawa uwar ma da sanda take lalube." Ya rubuta a katin cewa za a fitar da su don gwaji, ya sa hannu, ya ba ni makulli. "Amma ka gyara su sosai. Ban yarda fanka ta faɗo wa tsohuwa a ka ba."

Na tsamo uku. Kwana biyu ina naɗa musu sabuwar wayar koyil, ina sauya boris ɗin da suke juyawa a kai. Ranar Alhamis na ɗaure su a bayan motar aiki sai Argungu. Na tarar har an ɗaure kayan Inna Kulu don tafiyar gobe. Na durƙusa na ce, "Inna, yau ke za ki zaɓa."

Na ɗaura ta farko, na kunna. Inna Kulu ta karkata kai. "Wagga kuka takai, ɗana. Ba ita ta ba."

Na sauke, na ɗaura ta biyu, gumi har cikin idona. "Wagga gaggawa gare ta, kamar mai bin mota."

Na ɗaura ta uku, in ta ƙi wannan kuwa ba ni da wata. Na kunna. Inna Kulu ta kasa kunne. Can ta ce, "Rage ta kaɗan." Na mai da ita lamba biyu. Sai ta dafa ƙasa ta miƙe. Malam Garba ya yunƙura zai kama ta, ta ɗaga masa hannu. Ta juya a hankali har gurnanin ya koma bayanta, ta taka, ta wuce tebur, ta kai ƙofa, ta sunkuya ta ɗauki butarta. Malam Garba ya juya fuska bango yana share ido.

Daga bakin ƙofar ta ce, "Garba, kwance kayan nan. Ba ni zuwa ko'ina."

Na yi shekara talatin ina ɗaura fanka bayan wannan, ban sake zuwa sito ba sai na fara zama a ɗakin na tambayi wanda yake wuni a cikinsa. Ku ma ku riƙa tambaya. Katin aiki lambar gida kawai yake gaya muku, ba ya faɗin wa ke ciki.