Malam Lawali da Garba Uku na Tsafe

Ranar Talata da hantsi ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Hajiya Asabe ce, matar Malam Lawali. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Rabi, malaminku ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna na yi kuka a gaban ɗalibaina. Amma tun bayan jana'iza, duk sanda na tuna shi sai in ji ina murmushi, domin Malam mutum ne mai zumuɗi, kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya ɗauka.

Na san shi a ƙarshen shekarun casa'in, jiharmu tana sabuwa. Ni mai buga takardu ce da tafireta. Shi kuma ya dawo daga Kaduna da kwamfuta biyu, ya buɗe shago a Gusau, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shafukan intanet yake ginawa. Wasu sun ɗauka ɗakin hoto ne. Ya ɗauke ni aikin buga rubutu, amma ko wata ban cika ba ya fara koya min rubuta wa kwamfuta umarni. Yakan ce, "Shafin da mutane ke gani zaure ne, Malama Rabi. Girkin yana cikin gida." Cikin gidan shi ne rumbun bayanai da umarnin da ke sarrafa su, kuma can hankalinsa yake.

Babbar kwamfutar da ke riƙe da shafukanmu tana Legas, sai ta layin tarho ake kai mata aiki. Na'urar da ke haɗa mu da layin ta yi ta ƙara, Malam yana tsaye a kanta yana tafi yana cewa, "Kama! Kama mana!" Idan ta kama, sai ya leƙa waje ya kira mai shayi ya zo ya ga abin al'ajabi. Mai shayin bai taɓa gane abin da ake nuna masa ba, amma kullum sai ya zo.

Aikin da ya fi sa shi zumuɗi shi ne na masu ciwon ido. Wata ƙungiya ta shirya kawo likitoci su yi wa tsofaffi aikin ido kyauta a Gusau. Gurbin kaɗan ne, kuma likitocin suna son ganin sunayen a shafi kafin ranar Juma'a don su shirya kayan aiki. Malam ya gina shafin, ni kuma na shigar da takardun da aka tattaro daga Tsafe da Bungudu. Sai na lura wasu sunaye suna maimaituwa, domin akwai tsofaffin da suka yi rajista sau biyu don gudun kada a manta da su. Ba tare da na tambayi kowa ba na rubuta umarnina na farko: duk inda suna da gari da ranar haihuwa suka zo ɗaya, a bar guda a goge sauran. Ya yi aiki nan take. Wallahi ranar ji na yi kamar ni na ƙirƙiro kwamfuta.

Malam ya duba, ya yaba tsarin rubutun sosai. Sannan ya ce, "Malama Rabi, Garba nawa kike jin akwai a Tsafe?"

Nan take na gane kuskurena. Mutanenmu sunan garinsu suke sakawa a gurbin sunan mahaifi. Tsohon da bai san ranar haihuwarsa ba kuwa, masu cike takarda ɗaya ga Janairu suke rubuta masa, su kintaci shekara. Ashe mutane na goge. Da jerin ya tafi haka, akwai waɗanda za su zauna cikin duhu har su mutu, ba su san dalili ba.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya ciro faifan da yake ajiye kwafin aiki kowace yamma ya mayar da sunayen. Amma matsalar ba ta ƙare ba: idan aka bar maimaicin, za su cinye gurbin wasu, kuma takardun ba su nuna wane ne wane ba. Sai ya miƙe, idonsa na ƙyalli, ya ce, "Ki ƙara gurbi ɗaya a rumbun, ki sa masa laƙabi. Kowane layi da kike gani mutum ne, kuma kowane mutum akwai sunan da unguwarsu ke kiransa."

Kwana biyu ya yi a kan babur. Ya bi Bungudu, ya dawo ya ɗauki hanyar Funtuwa zuwa Tsafe har 'Yankuzo, yana tambaya a ƙofar masu unguwa. Ranar Alhamis da la'asar ya shigo shago fuska duk ƙura, tun daga bakin ƙofa yake ihu: "Uku ne! Garba Tsafe uku ne! Mai Rake, da Ladan, da Na-Inna!" Muka shigar da laƙubban, layi ya katse sau biyu, a na uku jerin ya tafi. Da shugaban ƙungiyar ya tambayi dalilin jinkiri, Malam cewa ya yi, "Kuskurenmu ne, mun gyara."

Bayan mako uku wani tsoho ya yi sallama a shagon, da baƙin tabarau a fuskarsa. Baba Garba Mai Rake ne. Ya ce, "An ce injinku ya haɗiye ni, wanga bawan Allah ya biyo ni har bakin hanya ya hiddo ni. Ina son in ga inda anka aje ni."

Malam ya matsa gefe ya ce, "Malama Rabi ce ke kula da rumbun. Ita za ta nuna maka."

Na buɗe layinsa. Baba bai iya boko ba, amma ya cire tabarau ya kusanto da fuska, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wanga ni na? To, Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

Ya sa min albarka, bai san ni ce na goge shi ba. Malam kuwa bai taɓa gaya wa kowa ba, har Hajiya. Yau na faɗa da bakina, don 'ya'yansa su san wanda suka rasa.

Ya Allah, Malam Lawali ya rufa min asiri ranar da na fi bukata, Ka rufa masa nasa. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Hajiya Asabe da yaran haƙuri, Ka tsaya musu. Amin.