Sunan da Na Yanke

Ni malamin Hausa ne, kuma da na tsaya inda Allah ya ajiye ni da ban yi wannan ɓarna ba. Amma ina! Shekarar da wata ƙungiya ta kawo wa makarantarmu ta 'yan mata a Shinkafi laftof biyu da 'yar na'urar naɗar murya, ni aka tura Gusau kwas na mako guda, don malamin da ya kamata ya je matarsa ta haihu. Can aka koya mana manhajar gyaran sauti. Ka zuba murya a ciki, sai ta fito a fuskar kwamfuta kamar haƙoran zarto, ka ɗauki ɗan almakashin da ke gefe ka datse abin da ba ka so, ka haɗa bakin da baki. Na dawo gida kaina ya kumbura, hulata ma da ƙyar take shiga.

Ba abin da ya tsira daga almakashin nan. Jawabin shugaban makaranta na naɗa a wurin taron safe, na cire masa duk wani "eh" da "to" da gyaran murya, har da ya saurara ya ce shi bai san yana da fasaha haka ba. Malamai suka laƙaba mini Wanzami. In na shigo ofis sai ka ji wani ya ce, "Ku rufe bakinku, ga Wanzami nan, kada ya aske muku magana." Ina dariya, amma a raina daɗi nake ji.

A zangon karatu na biyu na ba 'yan aji biyar aiki a darasin adabin baka. Kowace za ta tafi gida da na'urar, bi da bi, ta naɗo waƙar da mata ke yi wurin aiki: daka, niƙa, daɓe ko rarrashin yaro. Wannan kam ban yi nadamarsa ba. Yaran da a da sai na yi ta zare ido kafin su buɗe littafi, sai ga su suna faɗa kan wadda za ta karɓi na'ura ranar Juma'a.

Akwai wata yarinya da ke zama bakin taga, 'yar wani ƙauye bayan Galadi, kawunta ke kawo ta a babur. Ba ta da surutu, in ka yi mata tambaya sai ka matso kafin ka ji amsa. Ita ta kawo abin da ya fi na kowa. Mahaifiyarta ce da ƙanwar mahaifiyar suna dakan gero, suna lugude, taɓarya na amsa wa taɓarya, uwar na bayarwa ƙanwar na amshi. Murya ce mai kauri, ba ta zaƙi ba, amma tana shiga jiki.

A tsakiyar waƙar sai daka ya tsaya cak. Uwar ta ƙwala wa yarinyar kira da sunanta, sunan yanka, ta ce, "Zanenki! Wuta!" Ashe garin riƙe na'ura ta yi ta ja da baya har gefen zanenta ya taɓa murhu. Sai ka ji kwaram, na'urar ta faɗi, ana buge-buge, kaji na kyarkyara. Can ƙanwar ta fashe da dariya tana cewa, "Ayyururui! Yau dai kin hwaɗe shi!" Uwar ta ce, "A'uzubillahi, bakina ya suɓuce, ke kuma rufe min naki." Ita ma tana dariya. Suka ɗauki taɓarya suka ci gaba.

Yarinyar nan ɗiyar fari ce. Kowa ya san a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce da muka tarar. "Ke" za ta ce, ko "waccan", ko ta aiki ƙanenta ya kira ta. Ni kaina babban ɗana "yaron nan" nake ce masa har yau da ya yi gemu. To ka ji, ni da na san wannan tun ina cikin zanen goyo, na saurari wurin nan da iyafis a kunne har sau uku, abin da na ji kawai shi ne hayaniya ta ɓata mini waƙa.

Ranar Litinin na jona lasifika a aji, na ce yau za mu koyi tsabtace aiki, kuma da nata za mu yi misali tunda ya fi kyau. Na nuna musu inda haƙoran zarton suka yi tsalle suka cakuɗe. Na ce, "Kun ga nan? Nan ne dattin. Daga nan zuwa nan za mu cire."

Sai na ga hannu a bakin taga. Ban taɓa ganin ta ɗaga hannu ba sai ranar.

"Malam, da an bar wurin ga."

"Don mi?"

Ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya, sai ta shiga murza bakin hijabinta. Yanzu na gane, yaya za ta buɗe baki gaban 'yan aji ta ce wurin nan ne uwata ta kira sunana? Kunyar da ta hana uwar faɗi ita ta hana ɗiyar bayani. Amma a lokacin haushi na ji, don ina ganin an katse mini darasi. Na ce, "Kukan kaji kike so mu kai gaban baƙi? Ko so kike duniya ta ji kin kusa ƙona kanki?" Aji ya ɗauki dariya. Ta mayar da hannunta ƙarƙashin tebur.

Na sa almakashi. Wallahi na ɓata lokaci a kan aikin nan, na yi ta matsar da bakin yankan kaɗan-kaɗan har bugun taɓaryar da ke gaba ya faɗo daidai inda na baya ya tsaya. Da na kunna, waƙar ta wuce sumul. Yara suka tafa. Na ce musu ɗanyen naɗi kamar ƙaiƙayi ne, in an sheƙe hatsi ba a mayar da shi rumbu. A gabansu na goge na cikin kwamfuta, don kullum kukan cika take yi, na goge na cikin na'urar, na miƙa ta ga yarinyar da ke bi mata a layi.

A bikin ƙarshen shekara mun kunna waƙoƙin, iyaye suka yi ta sa albarka, wani babba daga ofishin ilimi ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Mahaifiyar yarinyar ba ta zo ba, lokacin hanyarsu ta fara lalacewa da 'yan bindiga. Ba a jima ba aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Kaura Namoda. Na kwashi ayyukan yaran da muka gyara a filas, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, na tafi da su, na kuma manta da hannun nan da aka ɗaga.

Shekaru suka shuɗe. Wata ranar Laraba bayan an tashi, ina ofishin malamai ina duba jarrabawa, maigadi ya leƙo ya ce wata mata na sallama da ni. Na fito na tarar da mace da goyo tsaye a inuwar dalbejiya. Sai da ta durƙusa ta ce, "Malam, ina wuni," da 'yar muryar nan da sai ka matso, sannan na gane ta.

Ta ce a Zurmi take aure yanzu, ƙauyensu ya watse tuntuni. Ta yi ta cigiyata har wata tsohuwar 'yar ajinsu ta ce mata ina Kaura, shi ne ta biyo motar kasuwa. Na tambayi mutanen gida. Ta ce Inna ta rasu da daminar da ta wuce, ciwon kwana huɗu. Na yi mata ta'aziyya, na leƙa goyon na ce ya sunan baƙuwa. Ta kauda kai tana murmushi, ta ce, "Sunan Inna ta ci." Ta fari ce, ga shi kuma sunan uwa, ba ta yadda za ta kama shi.

Sannan ta ce, "Malam, waƙar nan da munka naɗo. Ko tana nan?"

Na ce tana nan mana! Har da 'yar taƙamata na shiga na ɗauko laftof da filas, muka zauna kan benci. Ina cikin neman fayil ɗin ta ce, "Ba wadda anka gyara ba. Ta farkon, ko Allah ya sa ta rage wani wuri."

Na sani sarai babu, da hannuna na goge, amma na ci gaba da buɗe wannan ina rufe wancan, ina cewa bari mu duba nan, ko tana can. Gumi ya jiƙa mini riga. Ita kuwa tana jijjiga goyonta tana kallon yatsuna.

"Tun da nike," in ji ta, "ban taɓa jin sunana bakinta ba sai ran nan. Kuma ba ta ƙara ba. Ina cikin kashe wuta, ban ma ji shi da kyau ba. Sai da na kunna da baya na ji. So nike in ƙara ji, ko sau guda."

Ban san sanda na rufe laftof ɗin ba. Na ce, "Ɗiyata, babu. Na goge ta tun ran nan a aji. Laifina ne, ki yafe mini." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ni da furfurata, gaban yarinyar da na koyar.

Ta ce, "Ba komai, Malam. Allah ya yafe mu baki ɗaya. A sa min wadda ta rage."

Na buɗe na kunna. Muryar uwar ta tashi a farfajiyar makaranta, taɓarya na amsa wa taɓarya. Ta rufe ido, leɓɓanta na motsi, yatsanta na buga gwiwa tare da dakan, kamar mai ƙirga. Ni da na yi yankan ba zan iya nuna maka inda yake ba. Ana cikin tafiya sumul sai ta ɗaga yatsan.

"Nan ne," ta ce.

Waƙar ta wuce abinta, ko gargada babu. Ta bari har ta ƙare, ta share ido da bakin hijabi, ta miƙo wayarta na tura mata. Da ta miƙe tana gyara goyo sai ta dube ni, ba da gatse ba, iyakar gaskiyarta, ta ce, "Malam, ka iya aiki. Ko alama ba ka bari ba."

Har yanzu ina koyar da manhajar nan, yara kuma suna son ta. Abu na farko da nake sa su yi shi ne su ajiye ɗanyen naɗi wuri biyu kafin su taɓa almakashi, in kuma wani ya ce a bar wani wuri, ba na tambayarsa dalili. Waƙar tana cikin wayata. Nakan kunna ta wani lokaci in na dawo daga masallaci da la'asar, in kasa kunne daidai inda ta ɗaga yatsa, ko zan tsinci ɗan guntun harafi da almakashin ya tsallake. Ban taɓa samun komai ba.