Wasiƙun Zakkar Mai Baba

Duk wanda ya ce maka Zakkar bin Maimun bai iya daɗin baki ba, to bai taɓa ganinsa a gaban buhun baban rini ba. Mutumin nan zai tsuguna, ya ɗauko dunƙule ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya yi ta yabonsa har idonsa ya kawo ruwa. Amma ka ce ya yi wa matarsa sannu da aiki, sai tari ya sarƙe shi. Na san shi ciki da bai, don ƙanwata Turfa yake aure. Ni ne Barhun, mai shagon man zaitun a bakin tashar jiragen ruwa ta Mazara a tsibirin Sikiliya, kuma ni Allah ya jarrabta da karanta wasiƙunsa shekara goma sha ɗaya.

Sana'ar ubansa ya gada: ya loda cuku da fatu da alharinin Sikiliya ya kai Masar, ya dawo da baba da masoro. Gajere ne kakkaura, farcensa shuɗi ko ranar Asabar da ba ma taɓa aiki. Ba ya caca, ba ya zagi, ba ya kallon matar kowa. Tasa ma da ƙyar.

Wasiƙarsa kuwa kullum iri ɗaya ce. Ya fara da sunan Allah, ya jera mini kirari layi huɗu wanda ni da shi mun san ƙarya ne, sannan ya faɗa cikin kaya: cuku ya yi tsutsa, fatu sun sha ruwa, masoro ya hau. In takarda ta cika sai ya juya ta ya bi gefe da ƙananan baƙaƙe, can a ƙurya ya maƙala: a gaida mutanen gida. Turfa ke nan. Gaskiya ne namiji a cikinmu ba ya sa sunan matarsa a takardar da za ta bi hannun matuƙa. Amma masu hankali suna da dabara, su ce wadda ke cikin gida tana ransu, ko su aiko da ɗan mayafi. Zakkar akwai shekarar da ya fara gaida alfadarinsa, har ya tambayi lafiyar kofatonsa, kafin ya tuna da mutanen gida.

Kafin tafiyarsa ta bara waccan ya yi abin da kowane mai hawa teku ke yi. Ya rubuta takardar saki ya ajiye wajen alƙalinmu, da sharaɗin in Idin Bukkoki, idinmu na kaka, na shekara ta biyu ya zo bai dawo ba, Turfa na iya zuwa ta karɓa, don kada teku ta ci miji ta bar mace a ɗaure. Kowa na yi, ba mai karɓa. Ban taɓa kawo wa raina tamu za ta zama abin magana ba.

Farkon bazarar shekara ta biyu wasiƙa ta iso. Tsakanin labarin fatu da na masoro, a layi ɗaya tak, ya ce buhu ya faɗo masa a ƙafa ta karye, mai ɗori ya ɗora ta karkace an sake karyawa, don haka ba zai hau jirgi ba sai baɗi. Daga nan ya koma kan masoro. Na duba gefe. A gaida mutanen gida.

Na je gidan na tarar da Turfa tana tankaɗe. Da na kai kan ƙafar, sai ta ajiye rariya ta zuba mini ido, tana jiran abin da zai biyo baya. Wallahi tausayinta ne ya kama ni. Sai na sunkuya kan gefen takardar na shiga zubo abin da babu: wai ba ya barci don tunaninta, wai ƙamshin gurasarta na bin sa har kasuwar Fusɗaɗ can Masar. Ta rufe fuska da mayafi. Ranar har soyayyen kifi ta ba ni, na tafi gida ina ganin kaina mai gyaran aure.

Abin da na manta, kuma ɗan Mazara bai kamata ya manta ba, shi ne ba mai aiko wasiƙa ɗaya. Uku ake rubutawa, kalma da kalma, a ba jirage uku, ko ɗaya ya nutse ɗaya ya iso. Shekarar nan, don tsautsayina, teku ta yi lafiya lau.

Bayan kwana tara ta biyu ta zo. Turfa ta ce in sake karanta mata wajen nan. Ni kuwa na manta abin da na ce! Na yi ta lalube, na ce wai yana mafarkin idanunta, wai miyarta ta wake babu irinta. Turfa ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma abin da ya shiga kunnenta ya shiga ke nan.

Ta ce, "Yaya, ina gurasar?"

Na ce wace gurasa.

"Ta wancan makon. A teku ta jiƙe ta zama wake?"

Na ce mai yiwuwa ya ɗan canza. Ta ce Zakkar ɗin da ko tarinsa ba ya canzawa? Ta uku ko ganinta ban yi ba. Ta aika aka karɓo ta daga hannun matuƙi, ta kai wa Malam Sason mai koyar da yara a majami'a, mutumin da ko za a yanka shi ba zai ƙara ɗigo a kan abin da ke rubuce ba. Ya karanta mata tas, tun daga tsutsar cuku har mutanen gida.

Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta zaunar da ni ta ce in rubuta, kuma Malam Sason zai duba bayana. Ta ce a gaya masa shekara goma sha ɗaya tana zaune a gefen takarda, ta gaji. Ƙafa ba laifinsa ba ce, ba ta ce ya taso ba. Amma in jiragen ƙarshe na shekarar suka zo ba magana tata ita kaɗai, da sunanta, da hannunsa, iri ɗaya a duka ukun, to jajiberin Idi za ta je wajen alƙali. Na roƙe ta, na ce namiji da kunya. Ta ce ita ma da kunyar aka haife ta, ga inda ta kai ta.

Wata uku na yi ba na jin daɗin abinci. Ina son Zakkar, duk da haushinsa da nake ji, kuma na san in Turfa ta faɗi abu ta gama.

Saura mako uku Idi na farko cikin jiragen ƙarshen ya shigo. An hana ni taɓa hatimi. Malam Sason ya zo gidan, 'yan kasuwa bakwai suka biyo shi suka cika soro, don kowa ya san wasiƙar Zakkar ce ke faɗin gaskiyar farashin baba. Malam ya gyara murya, ya karanta sunan Allah, sai ya tsaya, kunnuwansa suka yi ja. Ba kirarina, ba cuku, ba fatu.

"Turfa. Kwana huɗu ina riƙe da alƙalami, ban iya ba. Kullum in na farka sai na miƙa hannu gefen da kike kwanciya, sai in taɓa bango. Tabon ƙunar da ke hannunki na hagu, na san garin dafa mini magani kika same shi, ban taɓa ce miki komai ba. Kada ki karɓi takardar nan. In kin karɓa ba ni da bakin magana, sai dai ban san inda zan dawo ba."

Malam ya naɗe takardar. Can wani tsoho mai rini ya leƙo ya tambaya ko an duba baya, ko farashin na can. Aka fitar da shi.

Ni har na fara share ido, sai Turfa ta ce a jira sauran, an taɓa yi mata. Ta biyu ta kai wa Allush mahauci, wanda ke karatu kamar mai sara ƙashi, ɗaya bayan ɗaya. Ya fito yana jan hanci. Ko harafi bai bambanta ba.

Ta uku ce ba ta zo ba. Muka yi ta duban teku har labari ya iso cewa jirgin ya fashe a gaɓar Barƙa, kan hanyarsa daga Masar, mutane sun tsira, kaya da takardu sun tafi.

Jajiberin Idi, kowa na kafa bukkarsa a saman soro, Turfa ta ja mayafi ta fita. Na bi ta ina ta surutu, ko waiwaye ba ta yi ba. Alƙali ya buɗe akwati ya fito da takardar, ya ce wa'adi ya cika, hakkinta ne, ta miƙo hannu in tana so.

Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, shari'armu shaidu nawa take nema?"

Ya ce biyu.

"To na samu biyu. A mayar da ita akwati."

Alƙali ya tambaya har zuwa yaushe. Ta ce har jirgin farko na bazara.

"In kuma ba ya ciki fa?"

"In ba ya ciki, ni zan hau na komawa. Mutumin da ke taɓa bango ai ba a bar shi shi kaɗai ba."