Sawun Hannuna a Katangar Maƙwabcinmu

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata, ba zan taɓa manta ranar da na bar sawun hannuna a katangar maƙwabcinmu ba.

A lokacin ina ɗan shekara goma sha tara, a wani ƙauye kusa da Makoɗa inda gona ke manne da gida, gida kuma manne da gona. Ni mutum ne da littattafan soyayya suka rena. Duk wanda na samu sai na karance shi a gindin rumbu, kuma a kowane labari ni ne jarumin. Wata ranar kasuwa mai tura bidiyo ya saka mini wani a waya. Na ga samari suna gudu suna haura gini, suna dira kamar ba su da nauyi. Sunan wasan fakur. Ban gama kallo ba zuciyata ta riga ta tafi.

Na fara a ɓoye. Akwai wani kango a bayan gari da ba mai zuwa sai awaki. Kullum bayan sallar asuba sai in je can. Na koyi dira a kan yatsun ƙafa tare da lanƙwasa gwiwa. Na koyi mirginawa ta kafaɗa, bayan na sha buga ƙeya. Ina tsalle daga tsohuwar kunyar gona zuwa wata har cinyoyina su yi rawa. Abin da na fi so shi ne in taho a guje, in taka bango da ƙafa ɗaya, in cafke samansa, in ja jikina. Wata biyu ina fama kafin na fara iyawa.

Maƙwabcin namu dattijo ne manomi, marar yawan magana. Yana da 'ya da ke koyar da ƙananan yara a Islamiyya. Ban taɓa ce mata komai ba in ban da gaisuwa, amma a cikin kaina mun yi hira ta fi dubu.

Damina ta gabato, kowa na gyaran gini. Wata safiya zan tafi sharar gona, na bi ta bayan gidansu, sai na ga katangar ta yi sumul, sabuwa fil. Ba kowa a hanya. Wallahi ban yi tunanin gidan waye ba, bango kawai na gani mai kyau. Na ajiye manjagara, na ja baya, na taho a guje. Ƙafata ta nutse. Ashe jiya da yamma aka yi yaɓen, ƙasar ba ta bushe ba. Na cafki sama, hannuwana suka lume, wani ɓangare ya ɓalle ya faɗa cikin gidan. Na ji bokiti ya kife, na ji mace ta saki salati. Na ɗauki manjagarata na ranta a na kare.

Da azahar na dawo na tarar gari ya ɗauka. Innata tana tankaɗe tana ba ni labari.

"Ka ji abin da ya faru? An haura gidan maƙwabta da sassafe. Ga sawun hannu nan raɗau. Kuma ko kaza ba a ɗauka ba."

"To ai da sauƙi, Inna," na ce, ina ɓoye faratana da suka cika da jar ƙasa.

"Wane sauƙi? Wanda bai zo don kaya ba, don wa ya zo? Daidai bayan ɗakin yarinyar nan fa. Allah dai ya tona asirinsa, ko ɗan waye."

Na ce amin, muryata kamar ta wani.

A garinmu mutum biyu ne ke haura katanga: ɓarawo da mai neman matan mutane. Ba a san na uku ba. Tunda ba a yi sata ba, maganar ta koma kan 'yar gidan. A rijiya ita ake yi, a wurin niƙa ita ake yi. Mahaifinta ya hana ta fita. Wasu iyaye suka fara cewa ba za su ƙara tura mata 'ya'yansu ba. Ni kuwa na yi shiru. Kwana uku ina gaya wa kaina cewa maganar za ta mutu da kanta. Yanzu da na girma na san tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

A rana ta uku na ga yaran ajinta sun dawo tun kafin lokacin tashi, suna wasa da allunansu a hanya. Na san ni ne sanadi. Bayan la'asar na tafi ƙofar mai unguwa, inda dattawa ke zama, mahaifinta na cikinsu. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne na taɓa katangar."

Mai unguwa ya ce, "Me ka je nema?"

"Ba komai. Wasa ne nake koyo."

"Wasa? Katangar mutane ce filin ƙwallo?"

Na miƙa wayata. Suka haɗa kai suna kallo, wani yana salati, wani yana cewa aljanu ne. Mai unguwa ya ɗago ya ce, "To su waɗannan, in sun haura me suke ɗaukowa?"

"Ba sa ɗauko komai, ranka ya daɗe. Saukowa suke yi."

Aka fashe da dariya, amma ban da mahaifinta. Ya dube ni ya ce, "Kowa zai iya nuna hoto a waya. Yaro, sunan 'yata ake ja a ƙasa. Me zai sa in yarda ba rufa mata asiri ka zo yi ba?"

Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba. Na ce, "Baba, in za ku bi ni, akwai abin da zan nuna muku."

Na kai su kangon. Bangon duk ya goge, sawun ƙafa a kan sawun ƙafa, samansa ya yi santsi saboda kamu. Ƙasar wurin ta daddale kamar masussuka. Mahaifinta ya daɗe yana shafa bangon da tafin hannunsa. Sannan ya ce in yi ya gani. Na taho a guje, na taka, na kama, na haye, na diro, na mirgina, na tashi da kashin awaki a rigata. Ya girgiza kai, ya juya ga mai unguwa ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ba mugu ba ne. Wawa ne."

Har yau ban taɓa jin zagi mai daɗi kamar wannan ba.

Hukuncina shi ne in gyara katangar da hannuna, kuma in faɗi abin da na yi a masallaci bayan magariba. Na yi duka biyun. Washegari ta koma ajinta.

Ina cikin kwaɓa ƙasa da ƙafa a bayan gidan, sai na ji muryarta daga ciki, ta wurin da ya ɓalle. A littattafan da na karanta, a nan ne take murmushi ta sunkuyar da kai. Ba haka aka yi ba.

"Malam mai tashi sama," ta ce, "sannu da aiki."

"Yauwa, Malama. Don Allah ki yafe ni."

"Katangar ban damu da ita ba, tsautsayi ne. Kwana ukun nan ne nake tambaya. Ina kake?"

Na tsaya cikin taɓo har idon sawu.

"Na yafe," ta ce can. "Amma ka gyara da kyau, don ruwa ya kusa." Ta ajiye mini kwanon ruwan sha a kan ɓaraguzan, ta koma ciki.

Ban daina fakur ba. Mai unguwa da kansa ya ce in ci gaba da amfani da kangon, tunda ba mai shi, kuma a yau samari da dama muke motsa jiki tare a can. Duk wanda ya zo sabo, yana ɗokin hawa, kafin in koya masa dira sai in gaya masa abin da na koya da tsada: kada ka taka bangon da ba ka san wanda ke bayansa ba. In kuma ka yi ɓarna, ka faɗa a ranar. Faɗuwa daga katanga ciwon kwana biyu ne, amma shirun da ka yi, wani ne yake kwana da shi.