Ɓerayen da Suka Ƙi Ciwon Zuciya

Raelene Tuckwell 'yar kawuna ce, kuma kaf danginmu ita kaɗai ce take wanka ta sake kaya kafin ta shiga gaida ɓera. An haife ta a ƙauyen manoman alkama na Mallee, inda in shekarar ɓeraye ta zo ake kwashe su da shebur a cika baro. Babanta yana ɗana tarko, ita tana bin bayansa tana kwancewa. Boko bai karɓe ta ba. Ta soya kifi da dankali a shago, ta wanke karnukan tsere, daga ƙarshe ta faɗa wata cibiyar binciken zuciya a Melbourne, ɗakin ɓeraye na can ƙasan bene. Bana shekararta goma sha shida a ciki.

Waɗannan ba ɓerayen rumbu ba ne. Baƙaƙe ne sumul, kowanne da takardar asalinsa har kakan kakansa. Iskar da suke shaƙa ma tace musu ake yi. Mijinta Kev, direban bas, abin yana cinsa.

"Kwana huɗu ina mura, uwar ɓeraye, ko shayi ba ki haɗa mini ba. Ɗanki ya yi atishawa ɗaya kin kira likita."

"Shi ba ya barin safarsa a kan kujera, malam."

Aikin nata na kwantiragi ne, duk shekara sai an sabunta. A farkon bana shugabanta, Farfesa Angus Dunstall, ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in gwajin nan bai ba da sakamako ba, tallafi ya yanke, a Disamba a rufe ɗakin kowa ya kama gabansa. Raelene kuwa ta haura hamsin, ba wanda ke jiranta a waje.

Gwajin mai sauƙin faɗa ne. Ɓeraye tamanin, a cika su da abinci mai maiƙo kamar man shanu, a zuba musu maganin da ke jawo hawan jini a ruwan sha, mako goma sha biyar, har zuciyarsu ta ƙage ta kasa aiki. In sun kwanta ciwo, sai Farfesa ya fito da sabon maganinsa ya cece su, duniya ta tafa.

Shi Farfesa, masanin zuciyar ɓera ne da ake gayyata har ƙasashen waje, amma rabonsa da ganin ɓera ido da ido shekara tara. Jikinsa ba ya so. Ko gashin ɓera ɗaya ya gifta, idanunsa sai su kumbura kamar wanda zuma suka yi wa taron dangi. Daga ofis yake binciken, a kwamfuta.

Mako na biyu mazan ɓerayen suka fara cizon juna. Raelene ba ta iya ganin jini a wutsiyar 'ya'yanta ta yi shiru. A sito ta tarar da wasu ƙananan wili na roba da wasu masu bincike suka bari, irin wanda ɓera ke shiga yana gudu yana juyawa. Haka aka saba raba faɗa a ɗakin lokacin da ta fara koyon aiki. Wilin bai isa ba, rabin kejin kawai suka samu. Ta rubuta a katin kowane keji da rubutunta mai kyau, ta koma harkarta. Wa zai karanta katin? Mutumin da in ya shigo sai an kira motar asibiti?

Ranar duba zuciya ta zo. Ta shaƙa wa kowanne iskar barci, ta shafe gashin ƙirjinsa da man cire gashi, ta kwantar da shi a faranti mai ɗumi, ta ɗora na'urar ɗaukar hoton zuciya. Hoton yana hawa sama wurin Farfesa. Kafin azahar waya ta yi ƙara.

"Rae, hawo sama. Ki tuɓe rigar aikin nan tukuna."

Ta same shi ya dafe kai.

"Rabinsu sun lalace yadda ya kamata, madalla. Ɗaya rabin fa? Wannan zuciyar ta fi tawa lafiya! Me kike ba su, addu'a?"

Raelene ta yi tunanin ɗora wa kamfanin abinci laifi. Ta yi tunanin Disamba, da zaman gida da Kev daga safe har yamma. Ƙarya dai ba ta iya ba.

"Gudu suke yi, Angus."

"Gudu? Zuwa ina?"

"Ba ko'ina. Wili na sa musu. Yana rubuce a kati."

"Na ce ki sa musu ciwo, kin buɗe musu gidan motsa jiki! Da wane marar lafiya zan gwada maganin?"

Ya yi faɗa har tabaraunsa ya zame. Ta miƙe za ta je kwashe kayanta ta bar aikin, sai ya ce ta tsaya. Yana ƙura wa allo ido.

"Rabi da wili, rabi babu? Abinci ɗaya, ruwa ɗaya?"

"Wilin ne ya ƙare."

Murmushi ya fara tsatso masa. Ya shiga zagaya ofis yana magana shi kaɗai: motsa jiki na kare zuciya daga maiƙo! Raelene ta ce kakarta ma ta sha faɗar haka. Ya ce kakarta ba ta da ɓeraye tamanin.

Sai dai kwamitin kula da haƙƙin dabbobi bai taɓa ba da izinin wili ba, don haka wannan sakamakon ba zai bugu a kowace mujallar kimiyya ba. Dole a cike takarda shafi arba'in, a jira wata uku, a sake komai daga farko bisa ƙa'ida. Masu tallafi, da aka tsara musu labarin a matsayin hasashen da Farfesa ya daɗe yana nazari, suka amince.

An tsawata wa Raelene a rubuce ranar Talata. Ranar Alhamis aka miƙo mata kwantiragin shekara biyu, na maimaita laifin nata daidai yadda ta yi shi, kar ta canja ko da launin wilin.